Haɗarin zamiya a tsaunuka kafin dusar ƙanƙara ta yi kauri

A duk shekara, tsakanin watan Nuwamba da na Disamba, daidai lokacin da hunturu ke kankama a garuruwa irin su Jibiya da Katsina da Maraɗi, dusar ƙanƙara ta farko kan fara sauka a kan manyan tsaunukan arewacin duniya, tun daga tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko har zuwa na Alps a nahiyar Turai.

A irin wannan lokaci ne masu sha'awar wasan zamiya, waɗanda suka shafe watanni suna jira, kan ɗauki kayansu su nufi tsaunukan da babu hanya kuma babu masu tsaro, su hau da ƙafarsu sannan su zamo.

Sai dai masana na gargaɗin cewa ƙarancin dusar ba ya nufin ƙarancin haɗari. Hasali ma, dusar da ta sauka da wuri kuma ba ta yi kauri ba tana da nata haɗarin, wanda wani lokaci kan ci gaba da kashe mutane har bayan watanni biyu ko uku.

Dusar ƙanƙara ba ƙanƙara ba ce

Ƙanƙarar da aka sani a ƙasar Hausa ita ce wadda kan zubo tare da hadarin damina, mai tauri kamar tsakuwa, ta lalata amfanin gona da rufin kwano, sannan ta narke cikin ɗan lokaci.

Dusar ƙanƙara dabam take. Ba ta da nauyi, tana sauka a hankali kamar auduga, kuma a inda sanyi ya yi tsanani takan taru ta yi watanni ba ta narke ba. Kowace zuba kan kwanta a kan wadda ta gabace ta, har su yi hawa-hawa.

Babu inda take taruwa a Najeriya ko Jamhuriyar Nijar. Tsauni mafi tsawo a Najeriya, wato Chappal Waddi da ke jihar Taraba, tsayinsa mita 2,419 ne, yayin da ƙololuwar tsaunukan Bagzan a yankin Agadez ke da mita 2,022. Dukkansu suna kusa da tsakiyar duniya, inda rana ke da ƙarfi.

A bakin hamadar Sahara ta arewa kuwa an sha ganinta. Ta sauka a garin Ain Sefra na ƙasar Aljeriya a 1979, da 2016, da kuma 2018, amma ba ta daɗe a kan yashin ba.

Yadda wasan yake

Mafi yawan masu wasan zamiya, wanda Turawa ke kira ski, suna yinsa ne a wuraren shaƙatawa da aka tanada. A can akwai kujerun da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe suna kai mutum sama, akwai injinan da ke daddaɓe hanya, akwai kuma ma'aikatan da ke kawar da duwatsu da rufe wuraren da ke da haɗari.

Wanda ake magana a kansa a nan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya manna musu wani ƙyalle mai gashi a ƙasa. Gashin a kwance yake ta fuska ɗaya, saboda haka allon zai zame gaba amma ba zai koma baya ba. A da da fatar wata dabbar teku ake yinsa, yanzu kuwa da gashin akuyar Angora ko zaren roba.

Maɗaurin takalmin kan saki diddige a lokacin hawa, ta yadda mutum zai riƙa jan ƙafa kamar mai tafiya. Idan ya kai sama sai ya ɓare ƙyallen, ya kulle diddigen, ya zamo. Hawan da ya ci sa'o'i huɗu ko biyar ana iya sauko shi cikin ƙasa da sa'a guda.

Asalin abin ba wasa ba ne. Mutanen arewacin Turai da na Asiya sun shafe dubban shekaru suna amfani da irin waɗannan alluna wajen farauta da tafiye-tafiye. Ya fara jan hankalin duniya ne bayan da Fridtjof Nansen, ɗan ƙasar Norway, ya ratsa tsibirin Greenland a kansu a 1888. A 2021 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya amince da sanya tseren hawan tsauni da zamiya a cikin gasar lokacin sanyi ta 2026 a Italiya.

Duwatsun da ke ɓoye

Haɗari na farko a bayyane yake ga duk mai hankali, ko da yake ido ba ya ganinsa.

Dusa mai kaurin taƙi ɗaya ko biyu ta isa ta rufe duwatsu da kututture da ramuka, ta mayar da gangaren tsauni fari fat kamar an shimfiɗa zane. Amma ba ta isa ta ɗauki nauyin mutum ba. Mai zamowa da gudu zai nutse cikinta, allonsa ya daki abin da ke ƙasa, shi kuma ya wuntsila gaba.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na Michael Schumacher, Bajamushen nan da ya lashe gasar tseren motoci ta Formula One har sau bakwai. A ranar 29 ga Disamban 2013, a Meribel da ke Faransa, ya ratsa wani ɗan fili da ba a gyara ba tsakanin hanyoyin zamiya biyu, allonsa ya ci karo da dutse, ya faɗi kansa ya bugi wani dutsen. Yana sanye da hular kwano, kuma likitocinsa sun ce ba don ita ba da bai kai asibiti da rai ba. Tun daga lokacin bai sake fitowa bainar jama'a ba.

Abin lura shi ne Schumacher ba sabon shiga ba ne, kuma yana dab da hanyar da aka gyara, inda agaji ya iso gare shi cikin mintuna. Wanda ya yi nisa cikin tsauni ba shi da wannan gatan.

A tsaunuka masu tsawo sosai, inda akwai daskararriyar ƙanƙara ta dindindin, akwai kuma manyan tsagogi masu zurfin gaske. A tsakiyar lokacin sanyi dusa kan cike bakinsu ta yi gada mai ƙwari. A farkon lokaci gadar ba ta wuce tabarmar da aka rufa a bakin rijiya ba.

Tushen da ba shi da ƙwari

Haɗari na biyu shi ne wanda ya fi damun masana, domin shi ne ke haddasa zaftarewar dusar ƙanƙara, kuma yana da wuyar ganewa.

Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa ba ta cika yin sanyi ƙwarai ba. Takan tsaya kusa da digiri sifili a ma'aunin Salsiyos, saboda dusar na zame mata bargo. Iskar da ke sama kuwa, musamman a daren da sama ta washe, na iya kai digiri 10 ko 20 ƙasa da sifili.

Wannan bambanci ne ke sa tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙasan dusar zuwa samanta, yana sake daskarewa a jikin ƙwayoyin da ya tarar a hanya. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce, idan bambancin ya wuce digiri 1 a cikin kowace santimita 10, to ƙwayoyin za su sauya kama. Maimakon su dunƙule su manne da juna, sai su zama manya masu kusurwa, suna warwatsewa a hannu kamar sukari.

A nan ne kaurin dusar ke da muhimmanci. Alal misali, idan iska tana digiri 10 ƙasa da sifili kuma kaurin dusar mita 2 ne, bambancin rabin digiri ne kawai a kowace santimita 10, babu matsala. Idan kuwa kaurin santimita 30 ne, bambancin ya haura digiri 3. Ke nan dusa kaɗan da ta sauka a Nuwamba, sannan aka yi makonni ana sanyi ba tare da wata ta biyo baya ba, za ta iya komawa sukari gaba ɗayanta.

A lokacin ba a ganin illar. Sai a Disamba ko Janairu, idan dusa mai yawa ta sauka, iska ta daɓe ta ta zama falle mai nauyi a kan waccan ta farko. Lamarin ya yi kama da a ɗora katako a kan gero da aka zubar a gangare: yana iya zama a wurin kwana da kwanaki, amma taku ɗaya ya isa ya sa ya tafi.

Irin wannan rauni na iya zama a binne har ƙarshen lokacin sanyi. Mutum goma za su iya wucewa lafiya, na goma sha ɗaya ya taka inda fallen ya fi siranta, kusa da wani dutse, tsagewar ta bazu cikin daƙiƙoƙi ta kwashe gangaren baki ɗaya. Wani lokaci ma daga ƙasa, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, mutum ke tayar da ita ta rufto masa daga sama. Masu tafiya a tsauni kan ji wani sauti kamar numfashin ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsu, alamar cewa tushen ya rufta. Wanda ya san aiki, da ya ji haka sai ya juya.

Akwai kuma wani tarko da ke tattare da farkon lokaci. Da yake dusar ba ta wadata ko'ina ba, masu zamiya kan nemi kwazazzabai da lunguna inda iska ta tara ta. Waɗannan wurare kuwa su ne suka fi saurin zaftarewa. Kuma ƙaramar zaftarewa, wadda a watan Maris za ta iya tura mutum kawai a kan dusa mai laushi, a Disamba a kan duwatsu za ta ja shi.

A ƙarshen Disamban 2020, zaftarewar dusa da guguwa sun hallaka masu hawan tsauni fiye da 10 a tsaunukan Alborz da ke arewa da Tehran, babban birnin Iran.

Mintuna goma sha biyar

Alƙaluma na nuna cewa zaftarewar dusa kan kashe kimanin mutum 100 a shekara a nahiyar Turai. A kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. Mafi yawansu kuma na faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai irin wanda gwanaye suka fi jin daɗin zamowa a kai.

Dusar da ta zaftare, da zarar ta tsaya sai ta ƙame kamar siminti. Wanda ta binne ba ya iya motsa ko da yatsa. Kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke mutuwa rashin iska ne ke kashe su, sauran kuma rauni.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 1994, bisa alƙaluman ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 na rayuwa. Idan aka kai minti 35, adadin kan faɗo zuwa kashi 30. Binciken da aka yi daga baya ya ƙara taƙaita wa'adin zuwa wajen minti 10.

Ma'anar wannan ita ce jirgin agaji mai saukar ungulu ba ya cika isowa a kan lokaci ba. Abokan tafiya ne kaɗai ke iya ceton mutum. Shi ya sa kowa a cikin ayari kan rataya wata ƙaramar na'ura mai aika sigina a jikinsa, ya ɗauki dogon sandan lalube da shebur a jaka. Wasu kan ƙara da jakar baya mai hura iska, wadda ke taimakawa mutum ya tsaya a saman dusar. Babu ɗaya daga cikin kayan nan da ke kare mutum daga dutse.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda na hasashen haɗarin, daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma cibiyoyi irin su ta binciken dusa da ke Davos a Suwizalan kan fitar da sanarwa kullum. Abin mamaki shi ne an fi mutuwa a mataki na 3, ba na 5 ba. A mataki na 5 kowa na gida. A na 3 kuwa rana ta fito, tsauni ya yi kyau, mutane na ganin za su iya.

Tsaunukan Maroko

Ga mutumin ƙasar Hausa, wuri mafi kusa da ake wannan wasa shi ne arewacin Afirka. Aljeriya na da Chrea kusa da Blida da kuma Tikjda a tsaunukan Djurdjura, amma Maroko ce ta fi suna.

Tsaunin Toubkal, mai tsayin mita 4,167, shi ne mafi tsawo a arewacin Afirka, kuma yana kimanin kilomita 60 kudu da birnin Marakesh. Daga ƙauyen Imlil ake tashi, a bi ta wurin ziyara na Sidi Chamharouch, zuwa masaukin masu hawa da ke kan tsayin kimanin mita 3,200. Alfadarai ne ke ɗaukar kaya har zuwa inda dusa ta fara, daga nan sai 'yan dako su karɓa. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu 'yan yawon buɗe ido biyu mata daga arewacin Turai kusa da Imlil a Disamban 2018, hukumomi suka wajabta tafiya da ɗan jagora.

Ba nisa da nan akwai Oukaimeden, wurin zamiya da ke tsakanin mita 2,600 da sama da 3,200, inda iyalai daga Marakesh kan je a ƙarshen mako. Can arewa kuma akwai garin Ifrane, inda a watan Fabrairun 1935 aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili, sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Afirka.

Matsalar ƙarancin dusa ta fi fitowa fili a Atlas fiye da Alps. Tana zuwa a makare, ba ta da tabbas, rana na da zafi, iska kuma a bushe take, har wani kaso na dusar kan bi iska ba tare da ya narke ba. Abin da ya narke da rana kan daskare da dare ya zama santsi, kuma gangaren cike yake da fasassun duwatsu. Don haka masu zamiya a Toubkal sun fi zuwa daga Janairu ko Fabrairu zuwa Afrilu. Wanda ya zo a farkon Disamba, sau da yawa a kafaɗa zai ɗauki allunansa.

Ga mazauna yankin, waɗanda galibinsu Berber ne, batun ya wuce na wasa. 'Yan jagora da masu alfadarai da masu ba da hayar kaya duk da dusar suka dogara a lokacin sanyi. Mafi girma daga wannan, dusar ita ce rumbun ruwan yankin. Idan ta narke a bazara ita ke cika koguna irin su Ourika da Rheraya da N'Fis, waɗanda ke shayar da gonakin da ke kewaye da Marakesh. Maroko ta yi fama da fari na shekaru a jere, har ta kai a watan Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida ya buƙaci jama'a da kada su yi layya a shekarar saboda raguwar dabbobi.

Sauyin yanayi

Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara alƙaluman tashoshin auna yanayi a ƙasashen da ke kewaye da Alps daga 1971 zuwa 2019, ya gano cewa a wuraren da ba su kai tsayin mita 2,000 ba, lokacin da dusa ke rufe ƙasa ya ragu da kimanin wata guda.

A farkon Janairun 2023 an ga hotunan wuraren zamiya a Faransa da Suwizalan da Austriya, ciyawa kore shar, sai ɗan siririn layin dusar da inji ya ƙera. Wuraren shaƙatawa na iya sayen irin wannan inji. Mai shiga tsauni shi kaɗai ba shi da zaɓi illa ya ƙara hawa sama, inda gangare ya fi tsayi kuma agaji ya fi nisa. Yanayin da a da ake ɗauka na makonnin farko ne, yanzu a wasu shekarun yakan kai tsakiyar lokacin sanyi.

Waɗanda ba wasa ya kai su ba

'Yan Afirka ta Yamma ƙalilan ne ke wannan wasa. Najeriya ta fara zuwa gasar Olamfik ta lokacin sanyi ne a 2018, kuma a 2022 Samuel Ikpefan, wanda aka haifa a Faransa, ya wakilce ta a tseren zamiya na dogon zango.

Amma akwai wasu 'yan yankin da ke shiga dusar Alps ba don nishaɗi ba. Kan iyakar Jibiya na daga cikin hanyoyin da masu neman zuwa Turai ta ɓarauniyar hanya kan bi su shiga Nijar, daga nan su nufi Agadez, su ratsa hamada zuwa Libiya, su tsallaka teku zuwa Italiya. Ga wasunsu tafiyar ba ta ƙare a nan ba.

Tun daga 2017, bayan da Faransa ta tsaurara tsaro a kan iyakarta da Italiya ta bakin teku, dubban baƙin haure suka koma bi ta tsaunuka domin isa garin Briancon. A farko da yawansu 'yan Gini ne da Kodebuwa, akwai kuma 'yan Najeriya. Suna bi ta mashigar Montgenevre, mai tsayin kimanin mita 1,850, ko ta Echelle, galibi da dare domin kauce wa 'yan sanda, wasunsu da takalmin kambas da 'yar rigar sanyi.

Duk haɗurran da aka ambata a sama suna jiransu, ba tare da na'ura ko shebur ko sanarwar hasashe ba. Akwai waɗanda aka yanke wa yatsu ko ƙafafu saboda sanyi, akwai kuma waɗanda sai bayan dusa ta narke a bazara aka tsinci gawarsu.

Wasu mazauna yankin, ciki har da 'yan jagoran tsauni da ma'aikatan lafiya, kan fita sintiri da dare a lokacin sanyi, a kan allunan zamiya ko faffaɗan takalman tafiya kan dusa, ɗauke da shayi mai zafi da barguna, suna neman waɗanda suka ɓata. An gurfanar da wasu daga cikin masu taimaka wa baƙin a gaban kotu bisa zargin taimaka wa shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba.